Babi na Biyar: Hisabin Zafin da Ɗaki Yake Bukata

A ƙasashen da Allah Ya hukunta musu sanyi mai tsanani, irin su Ingila da Jamus da Rasha da arewacin Amurka, inda rana takan yi makonni ba ta fito da ƙarfinta ba, ruwa kuma yakan daskare a kan hanya tun daga watan Disamba har zuwa Fabrairu, ɗumama ɗaki yana cikin larurorin rayuwa ne, daidai da ci da sha da sutura, har Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin shawarwarin da ta fitar a shekarar 2018 game da gidaje da lafiya, ta ambaci digiri 18 a matsayin mafi ƙarancin ɗumin da ya kamata ɗakin zama ya samu lokacin sanyi. Saboda haka duk wanda ya gina gida a can, ko ya saya, ko ya ɗaura niyyar gyara tsoho, ba makawa wata rana ya tsaya a tsakiyar ɗaki tare da mai aikin famfo su fuskanci mas'ala guda, watau wane girman lagireto za a kafa a jikin bangon nan domin ɗakin ya ɗumama a ranar da sanyi ya fi tsanani, ba tare da an yi ƙwauro ba, ba kuma tare da an yi almubazzaranci ba. Mas'alar ta shafe mu mu ma, gama 'ya'yanmu da ƙannenmu da suke karatu ko aikin asibiti a Landan da Manchesta da Bamingam yawancinsu a tsofaffin gidaje suke haya, su ne kuma suke biyan kuɗin gas a ƙarshen wata. Ga shi kuma ilmin a kan kansa abin nema ne, domin ƙa'idar da ke cikinsa ita ce take mulkin kowane ɗaki a duniya, har da namu.

Shi dai lagireton ɗaki, aikinsa ɗaya ne da na mota wanda makanikanmu suka sani: ƙarfe ne mai rami, ruwan zafi yana shiga ta gefe guda, ya zubar da zafinsa ga iska, ya fita ta ɗaya gefen ya ɗan huce. A gidajen Ingila akwai tukunya guda, galibi mai aiki da iskar gas, wadda take dafa ruwan, sa'an nan wani ƙaramin famfo ya tura shi cikin bututu ya kewaya ɗakuna duka ya komo. Ana danganta ƙirƙirar wannan na'ura ga Franz San Galli, wani ɗan kasuwa mai masana'antar ƙarfe a birnin San Fitasbag na Rasha, a cikin shekarun 1850, ko da yake wasu maƙera a Amurka sun yi irin nasu a wannan zamanin. Amma talakan Ingila bai same ta da wuri ba. Gawayin kwal ya ci gaba da ƙonawa a murhun bango, hayaƙi yana fita ta bututun kan rufi, har aka kai ga musibar hazon Landan ta Disambar 1952, wadda ta halaka dubban mutane, ta kuma jawo dokar tsabtace iska ta 1956. Bayan haka aka sami gas a ƙarƙashin Tekun Arewa, aka juya gidajen ƙasar zuwa gare shi tsakanin 1967 da 1977, daga nan ne lagireto ya shiga kusan kowane gida. Wani abin lura kuma shi ne, mafi yawan zafin da irin na zamani yake bayarwa ta hanyar iska yake tafiya: iskar da ta taɓa ƙarfen sai ta ɗumama, ta yi sauƙi, ta tashi sama, mai sanyi ta maye gurbinta daga ƙasa, haka nan har iskar ɗakin duka ta riƙa juyawa a hankali.

To, in ka tambayi yawancin mutane yadda ake sanin girman da ya dace, sai su ce a auna ɗakin, in babba ne a sa babba, in ƙarami ne a sa ƙarami. Akwai ma wata gajeruwar hanya da ta shahara a shagunan kayan gini na Ingila, wadda take cewa a riɓa tsawon ɗaki da faɗinsa da tsayinsa a ma'aunin ƙafa, abin da ya fito a riɓa shi da 5 in ɗakin zama ne, da 4 in na kwana ne, a ƙara kaɗan in yana fuskantar arewa, a rage kaɗan in tagoginsa masu gilashi biyu ne. Ni a ganina wannan ƙiyasi ne da aka ɗora a kan illar da ba ita ce ta hukuncin ba, domin abin da yake ƙayyade bukatar ɗaki shi ne yawan zafin da yake zubarwa waje, girmansa kuwa ɗaya ne kawai daga cikin sabubban wannan zubarwa, ba ma shi ne babbansu ba. Ka ɗauki randa mai tsagu wadda ake so ruwa ya tsaya a wuyanta kullum: bayan an cika ta sau ɗaya, gwargwadon ruwan da za a riƙa ƙarawa daidai yake da gwargwadon yoyonta, ko da kuwa babba ce ko ƙarama. Haka ɗaki yake. Da zarar ya kai ɗumin da ake so, aikin lagireto bai wuce ya mayar da abin da bango da taga da daɓe da rufi da iska suke kwashewa a kowace daƙiƙa ba, kuma wanda ya san adadin wannan hasara ya riga ya san amsar mas'alarsa.

Malaman ɗabi'a sun daɗe da shimfiɗa asalin wannan hisabi. Isaac Newton ya bayyana a shekarar 1701 cewa saurin hucewar abu mai zafi yana bin gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafinsa da na abin da yake kewaye da shi, sa'an nan Bafaranshe Joseph Fourier, a cikin littafinsa na 1822 a kan zafi, ya ƙulla ƙa'idar yadda zafi yake ratsa daskararren abu. Abin da ya fito daga ayyukansu, in an taƙaita shi domin amfanin magini, abu uku ne ake riɓawa: faɗin fuskar da zafin yake bi, da sauƙin ratsa wannan fuska, da bambancin ɗumi tsakanin ciki da waje. Ma'aunin da ake ƙidaya sakamakon da shi shi ne wat, wanda aka sa wa sunan James Watt, shi ne kuma wanda muke gani a jikin ƙwan lantarki. Jikin mutum baligi yana zaune yana fitar da kimanin wat 100, ƙaramar hita ta lantarki kuma takan ba da 1,000 zuwa 2,000. Amma 'yan kasuwar Ingila da Amurka har yanzu suna riƙe da tsohon ma'auninsu na BTU, wanda asalinsa shi ne zafin da zai ɗaga ruwa mai nauyin laba ɗaya da digiri ɗaya na ma'aunin Farenhait, wat ɗaya kuwa daidai yake da BTU 3.41 a sa'a guda. Wanda ya taɓa sayen iyakwandishan a Kano ko Kaduna ya riga ya gamu da wannan ma'auni, domin wadda ake kira mai ƙarfin doki ɗaya an rubuta mata kimanin BTU 9,000, mai doki ɗaya da rabi kuma 12,000. Hisabin ɗaya ne, sai dai a wurinmu zafin shigowa yake yi ana fitar da shi.

Mu fara da bambancin ɗumi, domin shi ne mafi sauƙi, ko da yake akwai ijtihadi a cikinsa. A Ingila al'adar masu wannan sana'a ita ce a ƙaddara digiri 21 ga ɗakin zama, 18 ga ɗakin kwana, 22 ga makewayi inda mutum yake tuɓe tufafi ya yi wanka. Game da waje kuma, ba a ɗaukar daren da ya fi kowane dare sanyi a tarihin garin, gama wanda ya yi shiri domin daren da ba ya zuwa sai sau ɗaya a shekaru ashirin ya ɗora wa kansa kuɗin da ba su da amfani a sauran kwanakin. Ana ɗaukar wani adadi ne daga bayanan masu duban yanayi wanda sanyi ba ya wuce shi sai a 'yan sa'o'i kaɗan cikin shekara. A yawancin Ingila wannan adadi yana tsakanin digiri 2 da 4 ƙasa da sifiri, a Mosko kuwa ya kai kimanin 25 ƙasa da sifiri. Saboda haka ɗakin zama a Manchesta, in an ɗauki 3 ƙasa da sifiri, tazararsa digiri 24 ce, alhali takwaransa na Mosko tasa ta kai 46, watau kusan ninki biyu, da za a gina su iri ɗaya.

Sauƙin ratsawa shi ne zuciyar al'amarin, a nan ne kuma ya kamata mai karatu ya dakata ya yi nazari. Kowane irin bango ko rufi ko taga yana da wani adadi da masana suke yi wa alama da harafin U, ma'anarsa kuwa ita ce wat nawa ne suke ficewa ta murabba'in mita ɗaya nasa a kan kowane digiri ɗaya na bambanci tsakanin ciki da waje. Gwargwadon ƙanƙantar adadin, gwargwadon kyawun ginin. Bangon jan tubali mai ruɓi ɗaya, mai kaurin inci 9, irin na gidajen ma'aikata da aka jera a garuruwan masaƙu a zamanin Sarauniya Biktoriya, adadinsa kimanin 2.1 ne. Bango mai ruɓi biyu da sarari a tsakani, wanda ya yaɗu bayan Yaƙin Duniya na Farko, kimanin 1.5 ne, in kuma an cusa makarin zafi a cikin sararin sai ya sauko zuwa wajen 0.5, bangon sabon gida na yau kuwa yana ƙasa da 0.3. Taga mai gilashi ɗaya tana wajen 5, tsohuwar mai gilashi biyu 2.8, sabuwa kuma 1.4 ko ƙasa da haka. Rufin da ba a shimfiɗa masa kome ba ya haura 2, amma in an shimfiɗa audugar gilashi mai kaurin santimita 27 a bisa silin sai ya koma wajen 0.16. Sirrin da ke cikin waɗannan adadai duka ɗaya ne, abin mamaki ne kuma ga mai tunani: iskar da aka tsare ta kasa motsi tana cikin abubuwan da suka fi kome hana zafi wucewa, shi ya sa audugar gilashi mai kaurin santimita 5, wadda mafi yawanta iska ce a tsare tsakanin zaruruwa, take tare zafi kusan kamar bangon tubali mai kaurin mita ɗaya. Ƙarfin bango da nauyinsa ba sa ba da shaida a kan ɗuminsa. Da yawa daga cikin mutanenmu da suka je can sukan ga gidan tubali ja mai shekara ɗari, daram, su ɗauka shi ne zai fi riƙe ɗumi, sai hunturu ya zo takardar kuɗin gas ta nuna musu akasin haka.

Hasara ta biyu ita ce ta iska. Babu ɗakin da yake a toshe ƙwarai. Iska tana shiga ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga da tsakanin katakon daɓe da tsohon bututun hayaƙi, duk wadda ta shigo da sanyinta take zuwa, ta kori mai ɗumi, dole kuma a ɗumama ta daga farko. Ana ƙidaya wannan da cewa sau nawa iskar ɗakin take sauyawa gaba ɗaya a sa'a guda: a tsohon gida ana ƙaddara sau ɗaya da rabi ga ɗakin zama, fiye da haka in akwai buɗaɗɗen murhun bango, a sabon gida kuwa rabin sau ɗaya ma yakan isa. Tun da yake ɗumama kubik mita ɗaya na iska da digiri ɗaya a kowace sa'a yana cin wat 0.33, sai a riɓa wannan adadi da cikin ɗakin, da yawan sauyawar, da bambancin ɗumi. A nan wajibi ne in yi gargaɗi, domin wanda ya ji wannan bayani zai iya cewa ai sai a toshe kowace kafa a huta. Iskar da take fita ita ce take tafiya da tururin numfashi da na girki da na wankin da aka shanya a ɗaki, in aka hana ta fita sai tururin ya kwanta a kan bango mai sanyi, danshi ya kama, baƙar fumfuna ta tsiro, ita kuwa cuta ce ga huhun yara da tsofaffi. Mafi muni kuma, duk inda wuta take ci a rufaffen ɗaki tana iya haifar da iskar guba marar wari marar launi, wadda take kashe mai barci bai farka ba. Wannan haɗari mun san shi a gida, gama shi ne na kaskon garwashi da ake shiga da shi ɗaki a daren hunturu a rufe ƙofa da taga, da na janareto da ake kunnawa a cikin gida. Sauyawar iska hasara ce da ake ragewa zuwa haddinta, ba a kawar da ita.

Yanzu bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Ka ƙaddara ɗakin zama a ƙasan bene, a tsohon gidan tubali da ke ƙarshen layi a Manchesta, tsawonsa mita 5, faɗinsa 4, tsayinsa 2.5, bango biyu suna fuskantar waje, sauran biyun suna jingine da ɗakunan da ake ɗumamawa, haka nan samansa ɗakin kwana ne, saboda haka ba za mu lissafa su ba, gama tazarar ɗumi a tsakaninsu kaɗan ce. Bangon waje, mita 9 a riɓa da 2.5, ya ba da murabba'in mita 22.5, a cire 2.5 na taga, saura 20. Bangon nan, 20 sau 2.1 sau 24, yana zubar da wat 1,008. Tagar, in tsohuwar mai gilashi biyu ce, 2.5 sau 2.8 sau 24, wat 168 ke nan. Daɓen katako mai sarari a ƙarƙashi, murabba'in mita 20, in mun ba shi 0.7, ya kama 336. Iska kuma, kubik mita 50 sau ɗaya da rabi sau 0.33 sau 24, ta ba da 594. Jimla wat 2,106, watau kimanin BTU 7,200. Al'ada ce a ƙara kashi goma cikin ɗari domin ɗakin ya yi saurin ɗumama da safe bayan an kashe tukunya da dare, sai mu tsaya a kan wat 2,300. Ka duba yadda rabon ya kasance: bango shi kaɗai ya ɗauki kusan rabi, tagar da kowa yake zargi kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Sa'an nan ka ƙaddara cewa mai gidan ya yi gyara: ya lulluɓe bangon da makarin zafi har adadinsa ya sauko zuwa 0.3, ya sa sabuwar taga mai 1.4, ya cusa auduga a ƙarƙashin daɓe ya koma 0.25, ya toshe kafofin banza har iska ta koma sauyawa sau ɗaya a sa'a. Bango ya zama wat 144, taga 84, daɓe 120, iska 396, jimla 744. Ɗakin bai ƙaru da taƙi ɗaya ba, bai ragu ba, amma bukatarsa ta koma kusan sulusin ta farko. Ita kuwa gajeruwar hanyar nan ta shagunan kayan gini, in ka bi ta, kubik mita 50 sun yi daidai da kubik ƙafa 1,766, a riɓa da 5 a rage kashi goma saboda gilashi biyu, a juya abin da ya fito daga BTU zuwa wat, sai ta ba ka kimanin wat 2,300 kafin gyara, ta kuma ba ka wat 2,300 bayan gyara. Ta dace a tsohon ɗakin, wanda alama ce cewa da irinsa aka gwada ta, ta kuma yi kuskure ninki uku a gyararren, ba tare da tana da hanyar sanin ta yi kuskure ba.

Sai dai sanin bukatar ɗaki rabin aiki ne, domin shi ma lagireton ba shi da adadi ɗaya tabbatacce da yake bayarwa a kowane hali. Ƙa'idar Newton tana aiki a kansa kamar yadda take aiki a kan bango, gwargwadon yadda ruwan cikinsa ya fi ɗakin zafi, gwargwadon abin da zai bayar. Adadin da ake bugawa a takardar masu sayarwa a Turai yana bin wani mizani da ake kira EN 442, wanda ya sharɗanta cewa ruwa ya shiga a digiri 75, ya fita a 65, ɗaki kuma yana 20, watau matsakaicin zafin ruwan 70 ne, tazarar kuwa 50. A bisa wannan sharaɗi, irin wanda ya fi yawa a gidaje, mai faranti biyu da jeri biyu na fikafikan ƙarfe a tsakani, wanda ake kira nau'i na 22, in tsayinsa santimita 60 ne, yakan ba da kimanin wat 1,700 a kowace mita ta tsawonsa. Mai faranti ɗaya kuwa, nau'i na 11, wajen 1,000. Tsohon ɗakinmu ke nan yana bukatar nau'i na 22 mai tsawon mita 1.4. Amma mai saye ya buɗe ido, domin akwai masu buga adadinsu a bisa tazarar digiri 60, wadda ita ce tsohuwar al'adar Ingila, sai kayansu su bayyana sun fi na maƙwabcinsu ƙarfi da kimanin rubu'i alhali ƙarfe ɗaya ne. Tauye mudu ne da aka yi da alƙalami, kuma ba a gane shi sai an karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan takarda.

Abin da ya ƙara wa wannan fasali muhimmanci a zamaninmu shi ne an daina son ruwa mai tsananin zafi. Tukunyar gas ta zamani, wadda doka ta wajabta a Ingila tun 2005, tana tatsar ƙarin zafi daga tururin da ke cikin hayaƙinta, amma ba ta iya yin haka sai ruwan da yake komowa gare ta ya kasance ƙasa da kimanin digiri 55. Ƙa'idojin gini na 2022 kuma sun nemi a tsara sabon aiki yadda ruwan da yake fita daga tukunya ba zai wuce 55 ba. Shi kuwa famfon zafi, wanda yake aiki da lantarki ya ɗebo ɗumi daga iskar waje ya shigo da shi, watau iyakwandishan da aka juya, ya fi yin arha in ruwansa yana tsakanin 35 da 45. To, ƙarfin lagireto yana faɗuwa da sauri fiye da faɗuwar tazarar: in ta sauko daga 50 zuwa 30 sai ya ba da kimanin rabin abin da aka rubuta masa, in ta sauko zuwa 20 sai ya ba da kashi 30 cikin ɗari kawai. Tsohon ɗakin da mita 1.4 ta ishe shi, zai bukaci fiye da mita biyu da rabi a hali na farko, mita huɗu da rabi a na biyu, abin da bangon ɗakin ma da ƙyar zai ɗauka. Amma gyararren ɗakin, wanda bukatarsa da ƙarin kashi goma ba ta wuce wat 820 ba, mita 1.6 ta ishe shi ko da famfon zafi ne, kusan wanda yake kafe a wurin tun farko ke nan. Wannan ne dalilin da ya sa masu basira a cikin sana'ar suke cewa a fara da bango da rufi kafin a taɓa tukunya, ni ma kuwa a kan wannan ra'ayi nake.

Game da tambayar wanne ya fi muni, ƙaranci ko wuce gona da iri, amsar tana bukatar tafsili. Lagireton da ya yi ƙarami aibinsa a fili yake, ɗaki ba zai ɗumama ba a kwanakin da aka fi bukata, mai gida kuma zai tilasta wa tukunya ta dafa ruwa fiye da kima. Wanda ya ɗan fi girma kuwa ba laifi, alheri ne ma, muddin an sa masa bawul mai jin ɗumin ɗaki ya rage ruwa da kansa, an kuma sauke zafin ruwan tukunya. Laifin yana zuwa ne sa'ad da babu abin da yake sarrafa shi. Masu tarihin wannan sana'a a Amurka suna ba da labarin cewa bayan annobar mura ta 1918, sa'ad da likitoci suke horon mutane da buɗe taga ko da sanyi, an riƙa tsara tukwane da lagiretocin tururi na gidajen Niyok yadda za su ɗumama ɗaki da taga a buɗe, har yau kuma mazauna waɗannan tsofaffin benaye suna buɗe tagogi a tsakiyar hunturu domin zafi ya yi musu yawa, makamashi yana tafiya sararin samaniya. Inda israfi ya fi ɓuya a gidajen Ingila shi ne a tukunyar kanta, domin galibi ana zaɓen mai kilowat 24 zuwa 30 saboda ruwan wanka, alhali matsakaicin gida gaba ɗayansa sau da yawa bai bukaci ko rabin haka domin ɗumama ba, sai ta riƙa kamawa tana mutuwa, tana kamawa tana mutuwa, in ba a daidaita ƙarfinta ba.

Saura mas'alar ɗan haya, wanda ba shi da ikon taɓa bango ko sauya tukunya, ɗakinsa kuma ya ƙi ɗumi. Kafin ya hukunta cewa lagireton ya yi ƙarami, ya fara duba ko ana barinsa ya yi aikinsa, domin adadin da muka ambata duka an auna su ne ƙarfen yana sarari, iska tana shiga ta ƙasa tana fita ta sama. An saba kafa shi a ƙarƙashin taga ne domin iskarsa mai tashi ta tare sanyin da yake gangarowa daga gilashi, to in aka saki dogon labule ya rufe shi, ɗumin sai ya bi bayan labulen ya tafi ga gilashin. Haka nan doguwar kujera da aka manna masa, da akwatin katako na ado da ake rufe shi da shi, da jiƙaƙƙun tufafi da ake shimfiɗawa a kansa, kowannensu yana rage masa ƙarfi. Sa'an nan ya shafa jikin lagireton bayan tukunya ta yi rabin sa'a tana aiki. In ƙasa da zafi sama da sanyi, iska ce ta taru a ciki, ana kuwa fitar da ita da wani ɗan mabuɗi ta ƙaramin bawul da ke kusurwar sama, a murɗa a hankali har shewar iskar ta ƙare ruwa ya fara ɗiga, sa'an nan a rufe. In kuwa sama da zafi, tsakiyar ƙasa da sanyi, to tsatsa da dagwalo ne suka kwanta, wannan aikin mai famfo ne, haƙƙin mai gida ne kuma ya kira shi. In ɗakunan da ke kusa da tukunya suna zafi na nesa suna sanyi, rabon ruwa ne bai daidaita ba, ana gyara shi da rage bawul ɗin fita na makusantan. Sai bayan an kawar da waɗannan duka ne ya kamata ya ɗauki tef ya auna bango da taga, ya rataya ma'aunin zafi a tsakiyar ɗaki nesa da lagireto, ya rubuta abin da ya nuna safe da dare na kwanaki a jere tare da sanyin waje, ya yi hisabin nan da kansa, domin in ya je wa mai gida ko wakilinsa da adadi a rubuce, ya nuna cewa ɗakin yana zubar da wat 2,100 alhali abin da aka kafa masa 1,000 yake bayarwa, ya zo da hujjar da za a iya dubawa a tabbatar, ko a gabansu, ko a gaban jami'an lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma, waɗanda dokar gidaje ta Ingila ta ba su ikon bincikar gidan haya a kan tsananin sanyi.